Bakteriyar ƙasa da barkono: amsa ga wata ɗaliba daga Gidimuni

Wata ɗaliba da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ta aiko mini da tambaya. Ta ce mahaifinta yana noman barkono da tattasai a garkarsa ta Gidimuni, kuma rani uku ke nan ganye yana nannaɗewa, shuka ta tsugune, 'ya'ya su fito ƙanana a murɗe. Ta ji a aji cewa akwai bakteriyar da ke zaune cikin ƙasa, wadda masana ke aika ta ta shigar wa tsiro sabon hali. Tana son ta san ko gaskiya ne, da yadda abin yake, da kuma ko in ta samo bakteriyar ta zuba a ruwan ban-ruwa barkonon babanta zai daina kamuwa.

Ɗiyata, abin da malaminku ya faɗa gaskiya ne, bakteriyar tana nan kuma tana wannan aikin. Amma zuba ta a garka ba zai canza barkono ba ko kaɗan, kuma ko a ɗakin bincike mai cikakken kaya, barkono yana cikin tsirran da suka fi ba masana wahala. Bari in ɗauko miki zancen daga tushe, don in kin gane dalilin, ke da kanki za ki ga inda ya kamata ki sa ƙarfinki.

Sunanta na ilimi Agrobacterium tumefaciens. Ni a nan zan riƙa ce mata mai ƙullutu, domin da ƙullutu aka san ta. Idan itace ko shuka ta ji rauni a gindi, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, sai ta shiga ta wurin, bayan 'yan makonni wani ƙari mai kaushi ya kumburo. Ta fi damun masu gonakin inabi da tuffa da furen wardi. A 1907 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Erwin Smith da Charles Townsend, suka tabbatar ita ce ke haddasa ciwon. Dangi ɗaya suke da bakteriyar nan mai amfani da ke yin ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwar gujiya da wake tana ba su taki daga iska. Kada kuma ki haɗa ta da kumburin da kike gani a saiwar tumatir da tattasai kamar carbi. Wannan aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, kuma ita ce ta fi yawa a garakenmu masu rairayi.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shekaru da yawa shi ne, ko an kashe bakteriyar bayan ta shiga, ƙullutun ba ya daina girma. Ke nan ta bar wani abu a jikin tsiron. A 1974 ayarin Jeff Schell da Marc Van Montagu a Jami'ar Gent ta Beljiyam suka gano tana ɗauke da wani babban zobe na zaren gado, wanda kuke kira ADN a aji, ban da nata na asali, kuma in babu zoben ba ta iya sa ciwo. A 1977 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta a birnin Siyatil na Amurka suka nuna cewa wani yanki na zoben yana barin bakteriyar ya je ya manne a cikin zaren gadon tsiron kansa.

Yankin nan umarni biyu yake ɗauke da shi. Na farko yana sa ƙwayar tsiron ta yi ta ƙera sinadaran girma guda biyu, oksin da saitokinin, ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa wurin ke kumbura. Na biyu yana sa ta dafa wani abinci da ake kira ofin, wanda kusan bakteriyar ce kaɗai ke iya ci. Kamar baƙon da ya sauka gidan mutum ne, ya ba masu gida umarni su ƙara ɗakuna, su kuma riƙa girka tuwon da shi kaɗai zai ci. Tana gane tsiron da ya ji rauni ne ta ƙamshin wasu sinadarai da raunin ke fitarwa, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne asetosiringon. Da ta ji shi sai na'urar aikenta ta farka, ta kwafi yankin, ta lulluɓe shi da furotin, ta tura shi ta wata siririyar ƙofa zuwa cikin ƙwayar tsiron.

Ga inda dabarar ta fito. Yankin yana da alama a bakinsa na dama da na hagu, kowace harafi 25 na zaren gado. Bakteriyar alamun take dubawa, ba ta duba abin da ke tsakaninsu. Ke 'yar Damagaram ce, kin san raƙumin ayari ba ruwansa da ko gishirin Bilma ne a cikin kaya ko dabino, abin da aka ɗaura masa shi zai kai zango. Sai masana suka sauke kayan ciwon, suka bar alamun biyu, suka ɗaura ƙwayar gadon da suke so a tsakani. A 1983 aka sami tsirran farko da aka canza ta haka, kuma taba ce kan gaba domin ba ta da gardama. A 2013 aka ba Van Montagu da Chilton da Robert Fraley Kyautar Abinci ta Duniya saboda wannan aikin.

Akwai wani abu da nake son ki riƙe don ranar da za a ce miki wannan shisshigi ne da bai taɓa faruwa a halitta ba. A 2015 masana daga Gent da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Peru suka bincika nau'o'in dankalin Hausa 291 da ake nomawa, suka tarar duka suna ɗauke da guntun zaren gadon wannan bakteriya, wanda ya shiga tun zamanin da ba wanda ya san ɗakin bincike. Dankalin da ake soyawa a bakin kasuwar Dole yana cikinsu. Ban kawo wannan don a ce duk abin da aka canza lafiya lau ne ba. Na kawo shi ne don a san abin tambaya shi ne wace ƙwayar gado aka shigar, me take yi, ba wai wa ya kai ta ba.

To me ya sa zubawa a garka ba za ta yi ba? Wadda ke cikin ƙasa ba a sauke mata kayan ciwo ba, in ta yi nasara ƙullutu za ta ba ki. Wadda aka gyara kuma 'yan ƙwayoyin da ke bakin rauni kawai take canzawa, sauran jikin shukar da furenta da irinta suna nan yadda suke. Kafin hali ya bi iri, sai an ɗauki ƙwaya ɗaya da ta karɓi saƙon an raine ta har ta zama cikakkiyar shuka mai fure. Sannan ga zafi. Bakteriyar tana jin daɗin girma a digiri 28, amma miƙa saƙon ya fi kyau a ƙasa da haka, wajen 22 zuwa 25, kuma da zafi ya kai 30 zuwa 32 sai aikin ya tsaya. Ki tuna yadda ƙasar garka take a watan Afirilu da tsakar rana.

A ɗakin bincike ga yadda ake yi. Ana wanke irin da ruwan jabel a kashe duk wata ƙwayar cuta da ke bayansa, a shuka shi cikin kwalba a kan wani abinci mai kama da kamu da ya daskare, mai gishirin taki da sukari, wanda Murashige da Skoog suka tsara a 1962. Bayan kwana goma ko kusa da haka, a yanke ganyayen nan biyu na fari da guntun karan da ke ƙarƙashinsu. A tsoma su cikin ruwan bakteriyar na 'yan mintoci, a bar su tare kwana biyu ko uku a duhu. Daga nan a mayar da su kan sabon abinci mai magani iri biyu: ɗaya ya kashe bakteriyar tunda ta gama aike, ɗaya kuma, yawanci kanamisin, ya hana girman duk ƙwayar tsiron da ba ta karɓi saƙon ba, domin a cikin kayan da aka ɗaura akwai ƙwayar gadon jure wannan maganin. Abin da ya rage da rai sai a lallaɓa shi da sinadaran girma ya yi toho, tohon ya miƙe, ya yi saiwa, a saba masa da iskar waje sannu a hankali. A taba da tumatir hanya ce da ɗalibi mai natsuwa zai koya ya yi ta yi.

A barkono kuwa a nan gizo ke saƙa. Shi da tumatir da taba da gauta 'yan gida ɗaya ne, amma halinsu a cikin kwalba ya sha bamban. Da farko jikinsa yana ɗaukar bakteriyar a matsayin maƙiyi, bakin yankan ya yi baƙi ya mutu, tare da ƙwayoyin da suka karɓi saƙon. Yana kuma fitar da iskar etilin da yawa cikin rufaffiyar kwalba, ita kuma tana tsufar da nama, shi ya sa ake ɗiga ɗan gishirin azurfa a cikin abincin don a toshe ta. In an tsallake wannan, sai ki ga toho ya fito kore shar, ki ce an gama, ashe da sauran rina a kaba. Yawancin tohon barkono cunkushin ganye ne kawai marar kai, ba shi da idon da zai miƙe ya zama kara. Za ki canza masa abinci, ki ƙara jibarelin, sinadarin da ke miƙar da kara, ki jira wata biyu, yana nan zaune kamar kabeji. Kaɗan ɗin da suka miƙe kuma, in an gwada, sau da yawa sai a tarar ba su ɗauke da saƙon, sun tsira ne a inuwar maƙwabtansu. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke saurin karɓar saƙo daban, waɗanda ke iya zama toho daban, kuma ba kasafai suke haɗuwa a ƙwaya ɗaya ba. Tun 1990 ake buga rahotannin gwaji a kan barkono, amma a yawancinsu nasarar ba ta kai ɗaya cikin ɗari na yankan da aka tsoma ba. Abin da ya fi ciwo, hanyar da ta yi aiki a kan wani irin Koriya ko Indiya sai ta ƙi a kan wani irin.

Na taɓa shekara guda ina rainon irin waɗannan kwalabe. Ana cikin bazara wuta ta ɗauke kwana biyu, injin ko-ta-kwana bai tashi ba, ɗakin ya yi zafi, na dawo na tarar aikin watanni ya zama ruwan ƙasa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma tun ranar na daina ba ɗalibi shawarar fara irin wannan aiki kafin ya tabbatar da wutar da ba ta yankewa.

Duk da haka an yi nasara a wasu wurare. A ƙasar Sin an shigar wa tattasai ƙwayar gadon rigar wani birus, wato ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta, da ake kira CMV, mai dabbare ganyen kokwamba, abin ya zama masa kamar riga-kafi, kuma hukuma ta amince da shi a ƙarshen shekarun 1990. Masanan Koriya ta Kudu ma sun yi irin wannan a barkono mai yaji. A 2014 aka karanta mafi yawan zaren gadon barkono, ya kai harafi wajen biliyan 3.5, kusan ninki huɗu na tumatir. Yanzu ana gwada haɗa saƙon da wasu ƙwayoyin gado masu zuga toho, ana kuma amfani da almakashin gado na Kirisfa, wanda ke gyara harafin da ke nan ba tare da an kawo baƙo ba. Shi ma almakashin yawanci mai ƙullutu ce ke kai shi ciki, don haka gardamar toho tana nan tana jira. Babu wani irin barkono da aka canza ta wannan hanya da aka amince a sayar a Afirka ta Yamma. Irin gwangwani da na leda da kike gani an rubuta F1 a jiki, auren iri biyu ne ta hanyar fure, ba shi da alaƙa da wannan zance.

Misalin da ya fi kusa da mu wake ne. A 2019 Najeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar tare da masanan Ostareliya, mai jure tsutsar maruka da ke cin fure da kwanso. Bakteriyar ƙasa biyu suka haɗu a kansa: mai ƙullutu ta kai saƙon, saƙon kuma an ɗauko shi daga wata mai suna Bacillus thuringiensis, wadda furotin ɗinta ke kashe tsutsar. An je can ne domin an tace dubban nau'o'in wake ba a sami mai isasshiyar juriya ga maruka ba. A gefe guda ga Burkina Faso, da ta fara noman auduga mai irin wannan furotin a 2008, ta bari a 2016 saboda zaren ya gajarce, farashinsa ya faɗi. Tsutsa ta ragu, amma jinin irin da aka zo da halin a cikinsa ya ɓata abin da aka san audugar ƙasar da shi. Ki auna wannan da tattasan Difa na bakin Komadugu, wanda buhunansa ke ratsa garin nan zuwa Najeriya. Launinsa da ƙamshinsa da yadda yake bushewa ake saye. In an ba shi juriya ya rasa waɗannan, an gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma maganar ƙudan zuma. Barkono yakan barbari kansa, amma ƙwari suna kai garin fure daga wata garka zuwa wata. Babanki ya sani, in ya dasa tattasai kusa da barkono ya ajiye iri, baɗi wasu za su fito da yaji, domin yaji rinjayen gado gare shi. Duk halin da aka shigar haka zai bi. Shi ya sa ba a yin wannan aiki sai da izini da killataccen wuri. Nijar tana cikin Yarjejeniyar Kartahena, wadda ƙasashe suka ƙulla a kan kula da halittun da aka canza wa gado, kuma a 2019 ta yi dokarta a kan haɗurran fasahar halittu.

Ra'ayina, ɗiyata, shi ne hanyar halal ce kuma mai amfani, amma ba ita ce maganin garkar Gidimuni ba a yanzu. Barkono ba kamar wake ba ne, a cikin danginsa akwai juriya da yawa da za a iya ɗaukowa ta auren fure. Wani tsohon irin Mekziko da ake kira CM334 yana jure ruɓewar saiwa da tsutsar saiwa da wasu birus, kuma masu kyautata iri a duniya sun daɗe suna ɗiba daga gare shi. Sannan riga-kafin da aka yi wa birus ɗaya ba ya tare wani. A yankinmu akwai CMV, akwai PVMV da aka fara ganowa a Gana a 1971, dukansu darɓa ke yaɗa su, akwai kuma masu nannaɗe ganye da farin ƙuda ke kawowa. Ƙila ma abin da ke damun babanki ba birus ba ne. Ki juya ganyen ki duba. In gefensa ya lanƙwasa ƙasa, ya yi tauri yana sheƙi, sabon toho ya ƙone, ki zargi ƙananan gizo-gizon nan da sai da gilashi ake gani, kuma farar wuta tana maganinsu. In ya lanƙwasa sama kamar cokali, jijiyoyi suka yi rawaya, farin ƙuda na tashi in kin girgiza, birus ne. In rana na yi shuka ta yi yaushi alhali ƙasa da danshi, ki tuge ɗaya ki ga saiwar.

In birus ne, shukar da ta kamu ba ta warkewa, kuɗin feshi asara ne a kanta. Darɓa takan shigar da cutar cikin daƙiƙoƙi da ta ɗanɗani ganye, kafin magani ya kashe ta. Abin da ke aiki shi ne a rene yayyafi a ƙarƙashin gidan sauro marar huji har ranar dashe, domin shukar da ta kamu tana ƙarama ita ce ke tsugunewa gaba ɗaya. A tuge wadda ta nuna alama a binne tun da wuri, a share ciyawar gefen fangali domin CMV yana zama a tsirrai fiye da iri 1,000, kada a yi sabon dashe jikin tsohuwar garkar da ta kamu, a kewaye da layukan masara ko dawa, a riƙa fesa ruwan 'ya'yan bedi don rage ƙwarin. Wurin da tsutsar saiwa ta kama a hutar da shi daga barkono da tumatir da kuɓewa, a sa albasa ko hatsi, a yawaita takin gida. Idan kuma a tsakiyar garkar da ta lalace kin ga gindi ɗaya ko biyu tsaye lafiya, ki ɗaura musu ƙyalle, ki rufe wasu furanninsu da ɗan yadi kafin su buɗe, ki ajiye irinsu daban. Ƙila sa'a suka yi, ƙila kuma juriya ce, shukar baɗi za ta nuna.

Ke kuma, in har zuciyarki na kan wannan fanni, ga aikin da nake ganin ya dace da kundin kammala karatunki, kuma ba ya bukatar bakteriyar ko kaɗan. Ki tattara irin barkono da tattasai da attaruhu daga Gidimuni da Mirya da Matamai da Magarya, da na Difa in kin samu, ki rubuta sunan da manoma ke kiran kowane da inda aka samo shi. Ki gwada su a kwalba ki ga wanne ne yankan ganyensa ke ba da tohon da ke miƙewa ya yi saiwa. Kayan da kike bukata tukunyar matsi ce ta dafa kwalabe, da teburin iska mai tsabta, da abincin da na ambata, da ɗakin da zai zauna a digiri 25 dare da rana, wanda a garin nan ma'anarsa wutar sola da batir. Ki tuntuɓi malamanki da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a kan wurin da ke da su. Duk wanda zai zo daga baya da mai ƙullutu ko da almakashin gado don barkonon ƙasar nan, da sakamakonki zai fara, domin sai ya san irin da ke yarda ya tashi daga ƙwaya ɗaya.

Wajen ƙirga, kada ki lissafa cunkushin ganye a matsayin toho. Ki ƙirga wanda ya yi kara ya kai tsawon gaɓar yatsa, ki sake ƙirga waɗanda suka yi saiwa, sannan waɗanda suka rayu wata guda a cikin tukunyar ƙasa. Kowane iri ki yi masa aƙalla maimaici uku. In kin je gida hutun nan, ki ɗauko mini hoton ganyen sama da ƙasa, da na saiwa bayan an wanke ta, ki kuma gaishe mini da baban naki.